Ɗalibai sun ce sun gamsu, alhali damuwa na cin su: yadda wata makarantar likitanci a Amurka ta gyara manhajarta

Makarantar kafin 2008

Makarantar da wannan nazari ya shafa tana wani babban birni a tsakiyar Amurka, ƙarƙashin wata tsohuwar jami'a mai zaman kanta ta cocin Katolika. Tana ɗaukar ɗalibai kimanin 175 a kowace shekara. A can sai mutum ya gama digirin farko sannan ya nemi gurbin karatun likita, idan ya samu ya ƙara wasu shekaru huɗu. Wannan ya bambanta da tsarin Najeriya, inda yaro ke fitowa daga sakandare ya shiga karatun shekara shida kai tsaye. Shekara biyun farko a aji da ɗakin gwaje-gwaje ake yin su, ana koyon anatomi, wato ilimin tsarin jikin mutum, da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki da cututtuka da magunguna. Biyun ƙarshe kuma a asibiti, gaban marasa lafiya. Wannan rabo na biyu-biyu ya kafu a ƙasar tun bayan rahoton Abraham Flexner na 1910.

A shekara biyun farko, sakamakon kowane kwas hawa huɗu ne: yabo, dab da yabo, ci, faɗuwa. Mai karatu zai iya ganin wannan ba wani abu ba ne, amma a wurin ɗaliban babban lamari ne. Bayan kammalawa kowa zai nemi gurbin ƙwarewa a asibiti, kuma fannonin da ake rububi, irin su tiyatar ƙashi da cututtukan fata, sai mai gwanin sakamako. Ga kuma jarrabawar ƙasa ta neman lasisi, USMLE, wadda ake zana matakinta na farko a ƙarshen shekara ta biyu, kuma a lokacin da maki ake ba da sakamakonta. Mutum 175 da kowannensu ya saba zama na gaba-gaba a inda ya fito, an tara su a ɗaki guda, an ce 'yan kaɗan ne kawai za su sami yabo.

A zahiri komai lafiya. Ɗalibai na cin jarrabawa, suna samun gurabe, kuma idan an tambaye su game da karatunsu sukan yaba. Mataimakin shugaban makarantar mai kula da manhaja, wanda likitan yara ne, ya sha karanta rahotanni a kan yawaitar ciwon damuwa tsakanin ɗaliban likitanci. Ya ɗauka matsalar wasu makarantu ce, domin nasa ɗaliban yana ganin su cikin fara'a. Duk da haka ya ga ya dace a auna a gani.

Mayun 2008: abin da awon ya nuna

An raba wa ɗalibai takardun tambayoyi ba tare da sun rubuta suna ba. Ba a tambaye su ko suna jin daɗin makaranta ba. An yi amfani da ma'aunan da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka daɗe da amincewa da su: CES-D, mai tambayoyi 20 a kan yadda mutum ya ji a makon da ya wuce, don gano alamun ciwon damuwa, ma'aunin Spielberger don fargaba, sai wani na matsin rayuwa, da wani na auna yadda ɗalibi ke jin shi ɗan gida ne a cikin ajinsa. Daga nan aka mayar da abin al'ada, ana yi a makon shigowa, da ƙarshen shekarar farko, da ƙarshen ta biyu.

A ƙarshen shekarar farko, kashi 27 cikin 100 na ajin suna da alamun ciwon damuwa matsakaici zuwa mai tsanani. Fiye da rabi, kimanin kashi 56, suna fama da fargaba. 'Yan shekara ta biyu ba su fi su sauƙi ba. Da aka auna sababbin shiga a makonsu na farko, masu alamun ciwon damuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wato yawancinsu lafiya lau suka zo, a cikin watannin karatu abin ya same su.

An kuma tambaye su abin da ya fi takura musu. Amsoshi uku suka fi yawa: yawan abin da ake so su karanta, zurfin ƙananan bayanan da ake so su haddace, da gasar neman maki tsakaninsu.

Waɗannan alƙaluma ba su saɓa wa na sauran duniya ba. A Disambar 2016 mujallar JAMA ta buga wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe 47, inda aka sami kashi 27.2 na ɗaliban likitanci da alamun ciwon damuwa, kashi 11.1 kuma sun yi tunanin kashe kansu.

Hanyoyin da aka saba bi

Makarantar, kamar takwarorinta, tana da hanyar tura ɗalibi wurin mai ba da shawara ko likitan ƙwaƙwalwa idan ya nema. Matsalar wannan hanya ita ce sai ciwo ya kama mutum take amfani, kuma sai ya kai kansa. Ɗalibin likita kuwa na daga cikin masu wuyar kai kansu. Yana tsoron kada maganar ta shiga takardunsa, yana tsoron abokai su ga gazawarsa, ga shi ba shi da lokaci. A wancan nazari na 2016, cikin waɗanda awo ya nuna suna da ciwon damuwa, kashi 15.7 ne kaɗai suka nemi magani.

Hanya ta biyu da ta yi tashe a makarantun Amurka a lokacin ita ce shirye-shiryen walwala a gefen karatu: motsa jiki, laccar cin abinci mai kyau, nasiha a kan barci. Ba wanda ya ce waɗannan ba su da amfani, sai dai ba su rage ko shafi guda daga abin da ɗalibi zai karanta kafin jarrabawar Litinin ba. Wani lokaci ma sai su zama ƙarin abin halarta a cikin makon da ya riga ya cushe.

Ofishin manhaja ya zaɓi wata hanya dabam. Tun da ɗalibai sun ambaci abubuwa uku, kuma dukkansu a hannun makaranta suke, sai a taɓa su kai tsaye.

2009: gyaran farko

Ajin da ya shigo a 2009, wanda zai kammala a 2013, shi ya fara cin moriyar sauye-sauye huɗu.

An soke sakamako mai hawa huɗu a shekara biyun farko, aka koma ci ko faɗuwa kawai. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin makarantar likitanci ta Mayo da ta Jami'ar Virginia sun riga sun wallafa sakamakon irin wannan sauyi, a 2006 da 2009, kuma sun ga walwalar ɗalibai ta ƙaru.

An rage sa'o'in zama a aji da kimanin kashi 10 cikin 100, aka kuma buƙaci malamai su tace abin da suke koyarwa. Wannan ya fi kowanne wuya. Farfesan da ya ƙare rayuwarsa a kan fanni guda yana ganin kowane layi na laccarsa wajibi ne, kuma a nasa ɓangaren ba ƙarya yake ba. Amma shi kwas ɗaya yake gani, ɗalibi kuwa dukkan kwasa-kwasan ke sauka a kansa lokaci guda. Ilimin likitanci kullum ƙaruwa yake yi, kowace shekara ana cusa sabo a manhaja, ba safai ake cire tsoho ba. Tambayar da aka sa malamai su riƙa yi wa kansu ita ce: wannan bayani, ɗalibin shekarar farko na buƙatarsa yanzu, ko kuwa abu ne da zai koya daga baya idan ya zaɓi fannin?

Lokacin da aka samu ba a cike shi da wata lacca ba. An faɗaɗa kwasa-kwasan zaɓi. A da rabin yini ne a mako na tsawon mako bakwai, sai aka shimfiɗa su a kusan dukkan shekara biyun, ta yadda ɗalibi zai iya bin aikin bincike guda, ko hidima a wata unguwa, ko wani likita, har abin ya yi ma'ana.

Na huɗu, an kafa ƙungiyoyin koyo guda biyar da suka haɗa ɗalibai da malamai masu sha'awa iri ɗaya: hidimar al'umma, bincike, kiwon lafiya a ƙasashen duniya, walwala, da koyar da likitanci.

Sakamakon wannan aji ya zo rabi da rabi. Alamun ciwon damuwa sun ragu, amma a ƙarshen shekara ta biyu, lokacin da jarrabawar ƙasa ke ƙaratowa, fargaba na nan kusan yadda take a da.

2010 da 2011: abin da ya rage a baya

Da aka sake duba lamarin, sai aka ga an soke hawa-hawan sakamako amma gasa ba ta mutu ba. Bayan kowace jarrabawa ana ci gaba da ba ɗalibi alƙaluman da ke nuna matsayinsa a cikin aji da tazarar da ke tsakaninsa da matsakaicin maki. A takardar shaida an rubuta ya ci, amma ya san shi ne na nawa. Daga 2010 aka daina ba da irin wannan bayani.

A wannan shekarar kuma aka shigar da wani gajeren darasi na dole, sa'o'i shida kacal, a zangon farko na shekarar farko. Ana koyar da yadda mutum zai kula da kuzarinsa, da natsuwa, da gane karkatattun tunane-tunane. Wannan na ƙarshe ya dace da ɗaliban likitanci ƙwarai. Wanda bai taɓa faɗuwa ba a rayuwarsa, ranar da ya sami maki matsakaici sai ya yanke wa kansa hukunci cewa bai cancanci zama a wurin ba, kuskure aka yi aka ɗauke shi. Darasin na nuna masa cewa sakamakon jarrabawa guda ba shi ne kimarsa ba, kuma yawancin na kusa da shi irin wannan tunanin suke ɓoyewa. An kuma ƙara tarukan sada zumunci na ajin baki ɗaya.

A 2011 aka waiwayi anatomi. Shi ne kwas na farko da sabon ɗalibi ke cin karo da shi, kuma awo ya nuna yana cikin manyan tushen matsi. Mutum bai gama sanin garin ba, bai yi abokai ba, sai ga shi tsaye a kan gawa da wuƙa a hannu, ga ɗaruruwan sunayen jijiyoyi da tsoka da ƙasusuwa da zai haddace. Jarrabawar kwas ɗin kuma matsakaicin makinta ya fi na sauran ƙasa, abin da ke jefa mutane da yawa bakin faɗuwa tun a watannin farko. Sai aka ɗaga shi zuwa bayan kwasa-kwasan ƙwayoyin halitta da sarrafa abinci a jiki, aka kuma umarci masu kula da shi su shirya jarrabawar da matsakaicin makinta zai yi daidai da na sauran kwasa-kwasai. Duk wanda ya yi shekarar anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri a wata jami'ar Najeriya ya san irin nauyin da ake magana a kai.

A shekarun da suka biyo baya an ci gaba da ƙananan gyare-gyare. An gajarta karatun aji domin a shiga asibiti da wuri, aka kuma ba ɗalibi zaɓi a asirce: idan ya yarda, kuma awonsa ya nuna yana cikin hatsari, ƙwararre zai tuntuɓe shi ba sai ya kai kansa ba.

2012 zuwa 2015: alƙaluman

Ajin da ya shigo a 2011, na farko da ya sami dukkan gyare-gyaren shekarun nan uku, ya kammala shekarar farko da kashi 11 masu alamun ciwon damuwa, maimakon 27. Ajin da ya shigo a 2014 ya kammala tasa da kashi 4. Fargaba a shekarar farko ta sauko daga kashi 56 zuwa 14. Awon jin zama ɗan gida a aji shi ma ya tashi.

Babban abin da masu adawa da sauyin suka ji tsoro shi ne kada ilimi ya yi rauni. Jarrabawar ƙasa, wadda ba makarantar ke shirya ta ba, ta amsa wannan: matsakaicin makin ɗaliban bai sauka ba, hawa ma ya ɗan yi.

Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, na raba wa duk masu kammalawa takardar jin ra'ayi a kowace shekara. A tambayar gamsuwa da shirye-shiryen makaranta na rage matsi da kyautata walwala, ajin da ya kammala a 2010 ya ba da 3.6 cikin 5. Ajin da ya kammala a 2013 ya ba da 4.4, a lokacin da matsakaicin ƙasa yake 3.9. An wallafa sakamakon farko a mujallar Academic Medicine a 2014. Kuɗin da shirin ya ci bai wuce 'yan dubban daloli a shekara ba, domin yawancinsa ragi ne da sake jeri, ba sabon gini ko sababbin ma'aikata ba.

Shekarar asibiti

A shekara ta uku nasarar ba ta kai haka ba. An gwada wasu matakai, amma sauƙin da aka samu kaɗan ne idan an kwatanta da na aji.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san asibitin koyarwa. A aji, ofishi guda ke riƙe da jadawali da jarrabawa, idan ya yanke shawara ta zauna. A asibiti kuwa ɗalibi na yawo ne daga sashen tiyata zuwa na yara zuwa na haihuwa, kowane 'yan makonni sabon wuri da sababbin shugabanni. Sakamakonsa ya dogara da ra'ayin waɗanda yake bi a zagayen duba marasa lafiya, kuma a nan hawa-hawan maki na nan daram. Mafi yawan lokacinsa yana hannun likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda su kansu ba su sami barci ba, aiki ya yi musu yawa, da dama daga cikinsu na fama da irin ciwon da ake son kare ɗalibin daga gare shi. Ofishin manhaja ba shi da iko a kan jadawalin kwanan asibiti na waɗannan likitoci, ballantana halin wani babban likita a ɗakin tiyata.

2017 da 2018

A Fabrairun 2017 hukumar LCME, mai tantance makarantun likitanci a Amurka, ta sa makarantar a matakin gargaɗi. Ta lissafa kurakurai da dama, ciki har da raunin sa ido a kan manhaja da giɓi a ajiye bayanai. Makarantar ba ta rasa izininta ba, amma mataki ne mai nauyi. Sabon shugaban da ya kama aiki a farkon shekarar ya yi garambawul, kuma cikin waɗanda suka rasa muƙaminsu har da mataimakin da ya jagoranci wannan shiri. Ɗalibai da tsofaffin ɗalibai sun nuna rashin jin daɗinsu, sun sa hannu a takardar koke, amma hukuncin bai sauya ba. A 2018 tsohon mataimakin ya koma aiki a kan walwalar likitoci a hukumar ACGME mai kula da horon ƙwarewa. A Oktobar wannan shekarar aka janye gargaɗin daga kan makarantar.

A matakin ƙasa, an sanar a Fabrairun 2020 cewa matakin farko na USMLE zai koma ci ko faɗuwa, aka fara aiki da hakan a Janairun 2022. Asibitocin da ke ɗaukar masu neman ƙwarewa sai suka ƙara mayar da hankali kan mataki na biyu, wanda har yanzu da maki ake ba da shi.

Yadda nake ganin lamarin

Dole a karanta alƙaluman nan da iyakarsu. Makaranta ɗaya ce. An kwatanta ajin bana da na bara ne, ba a raba aji guda gida biyu an gwada ba. Alamu aka auna ta bakin ɗalibai, ba likita ne ya duba kowa ya tabbatar da ciwo ba. Kuma da yake an yi sauye-sauye da yawa tare, ba za a iya ware wa kowanne rabonsa na nasarar ba. Duk da haka, sauka daga 27 zuwa 4, a hankali, aji bayan aji, ana yin gyara ana ganin sauƙi, ya wuce a ce dace ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farkon labarin. Shugabannin makarantar mutanen kirki ne, suna tare da ɗalibansu kullum, amma ba su san ɗaya cikin huɗu na cikin ciwo ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, sai dai ɗalibin likita ya ƙware wajen gyara fuska. Ya sha wuya kafin ya sami gurbin, iyayensa na alfahari da shi, ga bashin karatu a wuyansa. Idan ka tambaye shi ko ya gamsu da makarantarsa zai ce ya gamsu, kuma gaskiya ya faɗa, domin malamai na koyarwa, ɗakin karatu na buɗe. Ba a tambaye shi ko yana barci ba. Shi ya sa nake ganin makarantar da ta tsaya a awon gamsuwa kaɗai, ko da da ma'auni mai kyau irin DREEM da aka ƙirƙira a Dundee ta Scotland a 1997, rabin labari take ji.

Na biyu, gyaran ya yi aiki ne saboda ya tafi inda ɗalibai suka nuna. Darasin sa'o'i shida ya taimaka, amma ya zo ne bayan makaranta ta sauke wani kaso na kayan da ta ɗora. Da shi kaɗai aka kawo, da saƙon da ɗalibi zai ji shi ne laifin nasa ne, bai iya juriya ba. Akwai tsohuwar fahimta a wannan sana'a cewa wahala ce ke gina likita, kuma wanda ya sha ta yakan so na bayansa ya sha. Ban ga hujjar hakan a sakamakon jarrabawar ƙasa na waɗannan ɗalibai ba.

Abin da ya faru a 2017 kuma bai kamata a share shi ba. Kula da walwalar ɗalibai bai ɗauke wa makaranta nauyin tsare manhaja da bayananta yadda hukuma ke so ba, kuma shirin da ya rataya a wuyan mutum guda yana cikin hatsari ranar da aka sauya shugabanci. Da awon shekara-shekara da ƙa'idar rage nauyi sun zama aikin kwamiti mai zaman dindindin, da ba za a ji tsoron makomarsu ba don mutum ɗaya ya tafi.

Makarantun likitanci na Najeriya na da matsalolin da wannan makaranta ba ta sani ba: yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, cunkoso a ɗakin anatomi, ƙarancin ɗakunan kwana kusa da asibiti, da ficewar malamai zuwa ƙasashen waje. Sake jerin kwasa-kwasai ba zai magance ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma tsarin jarrabawa na ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar MDCN mai kula da likitoci da NUC mai kula da jami'o'i. Amma raba takardar tambayoyi 20 ba tare da suna ba a makon shigowa da ƙarshen shekara, da zaunar da shugabannin sassa su duba abin da suke maimaitawa a laccocinsu, da daina liƙa sakamako da sunaye a allon sanarwa inda ake yin haka, duk suna cikin ikon shugaban kwaleji da kwamitinsa, kuma ba sa jiran kasafin kuɗi daga Abuja.